Birkin da Ya Ƙi Tauri: Nazari Kan Mazaunin Kalifa a Wata Mota

Motar da tsarin birkinta

Motar babba ce, irin mai jan ƙafa huɗu, ta yi tafiyar kusan kilomita 180,000 a hannun mai ita. Aikinta ɗaukar mutane da kaya, kuma hanyar da ta fi bi tana da hawa da gangara. Birkin gaba na faifai ne, na baya na diram. Kaurin faifan gaba yana sabo milimita 28, kuma an buga a jikinsa cewa kada ya gaza 26.

Kalifar gaba, wato ƙarfen nan da ya rungumi gefen faifai yana matse shi tsakanin fad biyu (takalman birkin da ke gogar faifai), ba irin mai fistan ɗaya ba ce da ke zamewa a kan fil. Kafaffiya ce, noti biyu suka ɗaure ta a jikin ƙarfen da ke riƙe da cibiyar taya. Fistan huɗu gare ta, biyu ta ciki, biyu ta waje, kuma ba girmansu ɗaya ba: a kowane ɓangare akwai mai faɗin milimita 40 da mai faɗin 44. Kalifofin biyu duk a bayan cibiyar taya suke zaune, wajen da ke kallon ƙofa, domin sandar sitiyari ta riga ta cinye wurin da ke gaba. Idan mutum ya tsuguna a gefen motar ya ɗauki faifai a matsayin fuskar agogo, ta dama tana ƙarfe 9, ta hagu tana ƙarfe 3.

Duk tsawon shekarun nan mai motar bai taɓa kuka da birkinta ba. Feda na kamawa tun daga sama, kuma fad ɗin gaba kan cinye daidai, ba karkata.

Makon farko: gyaran kalifa

Abin da ya kai motar gareji bai taka kara ya karya ba. Mai ita ya lura cewa bayan doguwar tafiya tayar gaba ta dama tana ɗaukar zafi fiye da ta hagu, har ana jin ƙauri. Da aka cire taya sai aka tarar robar da ke kare ɗaya daga cikin fistan ɗin ta yage, ruwa da ƙura sun shiga, tsatsa ta ci gefensa, ya daina komawa idan an saki feda. Man birkin ma ya yi baƙi. An daɗe ba a canza shi ba, ga shi irin man nan ne mai shan danshi.

Makaniken ya ce a kwance kalifofin biyu a yi musu aiki tare, kamar yadda aka saba, don kada ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kamu. Aka ciro su, aka fitar da fistan takwas ɗin, aka wanke, aka sa sababbin robobi, aka canza wanda ya lalace. Aka fesa wa kalifofin baƙin fenti, aka ajiye su wuri ɗaya su bushe. Washegari yaron gareji ya mayar da su. Notoci sun shiga ramukansu ba gardama, sababbin fad masu kaurin milimita 12 sun zauna daram, taya ta juya ba ta gogar komai. Aka zuba sabon man birki, nau'in DOT 4, aka shiga cire iska taya bayan taya: ɗaya na ciki yana taka feda yana riƙewa, ɗaya na ƙasa yana buɗe nonon cire iska, wato ɗan sukurun jikin kalifa da iska ke fita ta cikinsa, yana rufewa, har mai ya riƙa fita garau, ba kumfa ko ɗaya.

Feda ba ta yi tauri ba. Sai ta sauka fiye da rabin hanyarta kafin a ji ta kama, kamun ma da laushi. In an taka ta sau uku ko huɗu a jere da sauri sai ta ɗago ta yi ƙarfi, in an bar ta minti ɗaya ta koma gidan jiya. Makaniken ya ce sababbin fad da robobi ne ba su gama zama ba, a yi kwana biyu ana hawa a gani.

Mako na biyu da na uku: abubuwan da aka gwada

Kwana biyun suka wuce, babu abin da ya sauya. Aka sake cire iska, wannan karon da na'urar da ke tura mai da matsi daga tankin masta, wato famfon da feda ke dannawa ya aika mai zuwa tayoyi, don kada a ce mai taka feda ne yake sakinta da wuri. Fiye da lita ɗaya ta bi ta cikin layin. Duk nonon da aka buɗe, mai ne mai tsabta ke fitowa.

Daga nan zargi ya koma kan masta. Hujjar makaniken ita ce, lokacin cire iska an riƙa kai feda har ƙasa, robobin masta suka bi ta wurin da ba su saba kaiwa ba a cikin silindarta, inda datti da tsatsa ke taruwa, wataƙila sun yage a can. Hakan na faruwa a tsofaffin motoci. Aka kawo sabuwa, aka cire mata iska a kan benci kafin a ɗaura, aka sake bin tayoyi huɗu. Feda na nan yadda take.

Akwai alamar da ba a tsaya a kanta ba a wannan gaɓa. Mastar da robarta ta mutu, idan aka ɗora ƙafa a kan feda aka riƙe, a hankali za a ji tana nitsewa zuwa ƙasa, domin mai yana zillewa ta gefen robar. Fedar wannan mota ba ta nitsewa. Takan sauka da nisa ne ta tsaya, ta riƙe a wurin, kuma yawan takawa yana ɗago ta. Haka layin da iska ta maƙale a cikinsa yake yi.

Aka canza tiyoyin roba, bisa tunanin cewa sun tsufa suna kumbura idan matsi ya hau. Aka ɗaure takalman diram na baya, tunda tazara mai yawa tsakanin takalmi da diram ita ma tana tsawaita feda. Wannan ya ɗan rage nisan, amma laushin bai tafi ba. Daga ƙarshe aka ce iskar a akwatin ABS take, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Aka jona kwamfuta, aka sa bawulolinsa suka yi ta buɗewa da rufewa, aka sake cire iska. Shiru.

A ƙarshen mako na uku motar ta ɗauki kaya ta shiga wata doguwar gangara. A tsakiyar gangarar feda ta kusa kaiwa ƙasa a takun farko, sai da direban ya yi ta takawa yana saki, ya kuma sauko da giya, kafin gudun ya ragu. Ba a yi hatsari ba. Daga ranar aka ajiye motar.

A kwanakin da take ajiye mai ita ya shiga leƙen ƙafafun motocin mutane. Ya ga da yawa kalifarsu a gaban cibiyar taya take, tasa kuwa a baya. Sai ya raya a ransa cewa kalifar da ke gaba tarar faifai take yi, ta baya kuwa binsa take yi, don haka ba za ta taɓa kamawa kamar waccan ba. Har ya fara tambayar ko akwai mai ƙera masa ƙarfen da zai mayar da nasa gaba.

Mako na huɗu: gareji na biyu

Makanike na biyu bai fara da kwance komai ba. Ya ɗauko abin matse tiyo, irin mai zagayayyen baki da ba ya yanka roba, ya matse tiyoyin gaba biyu da na baya, sannan ya sa aka taka feda. Ta yi tauri tun daga sama. Wannan kaɗai ya wanke masta, da akwatin ABS, da duk bututun ƙarfe da ke tsakani. Ya saki na baya, feda ba ta wani sauya ba. Ya saki na gaba na dama, ta sauka. Ya mayar ya matse, ya saki na hagu, ta sake sauka kusan daidai da na farko. Matsalar tana bayan inda aka matse, cikin kalifofin gaba biyu.

Ya cire taya ya haska tocila. Nonon cire iska yana can ƙasan kalifa, yana kallon ƙasa. Ya zagaya ɗaya ɓangaren, haka. Ya sa bakin sukudireba ya kankare fentin da ke bayan ta dama, sai ga harafin L, alamar hagu, da 'yar kibiya tana nuna saɓanin yadda faifai ke juyawa. A bayan ta hagu kuma ga R.

Tazarar ramukan notin kalifofin ɗaya ce, shi ya sa kowace ke shiga mazaunin 'yar'uwarta. Sai dai ba ta shiga sai an kifa ta, samanta ya koma ƙasa. Iska kuwa ba ta nitsewa cikin mai, sama take hawa, kuma dalilin da ya sa ake huda ramin nono a wuri mafi tsayi na cikin kalifa ke nan. Da nonon ya koma ƙasa, mai ya riƙa shigowa ta tiyo yana gangarawa ya fice ta nono, bai ko kusanci iskar da ke zaune a bayan fistan ɗin sama ba. Da za a zuba durom guda ta wannan hanya, garau zai yi ta fita, iskar na inda take.

Ba iska mai yawa ake buƙata ba kafin feda ta lalace. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa in matsi ya kai bar 50 (bar ma'aunin matsi ne) takan takure ta koma wajen kashi ɗaya cikin hamsin na girmanta, kuma duk gurbin da ta bari sai masta ta cike shi da mai kafin fistan ya soma matsa fad da gaske. A ɗauka iskar da ke cikin kalifofin biyu ta kai mililita 5, cikin ƙaramin cokali ke nan. Masta mai faɗin milimita 25.4 tana tura kimanin mililita 5 a tafiyar santimita ɗaya. Feda kuma tana ninka wannan tafiya kamar sau huɗu. Santimita 4 ke nan ƙafar direba take tafiya a banza.

Mai motar ya kawo maganar mayar da kalifofin gaba. Makaniken ya ce masa, "Alhaji, duk shekarun da birkin nan ke ci a bayan nan suke, kuma ba ka taɓa kawo kukansa ba."

Lissafi ma yana bayan makaniken. Faɗin fuskar fistan mai milimita 40 da mai 44 in an haɗa ya kai kimanin sikwaya santimita 27.8. Matsin bar 50 a kan wannan fili yana ba da ƙarfin matsewa wajen niyuton 13,900 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne). Idan gogayyar fad da faifai 0.4 ce, kuma fuska biyu ake gogawa, ƙarfin da ke jan faifai baya ya kai wajen niyuton 11,100. A ninka shi da nisan tsakiyar fad daga cibiyar taya, a ce mita 0.13, a samu kimanin niyuton-mita 1,450 na ƙarfin tsayar da juyin taya. Abubuwa huɗu ne suka shiga lissafin: matsin mai, faɗin fistan, gogayya, da nisa daga cibiya. Babu inda aka tambayi ko kalifa a ƙarfe 3 take ko a ƙarfe 9. Faifai zagayayye ne, ba shi da gaba ba shi da baya, duk inda aka kama shi a nisa ɗaya daga cibiya, kamun ɗaya ne.

Yamma ta yi, mai motar na son ya tafi da ita washegari, kuma babu sababbin wasoshin tagulla da ake sawa a bakin tiyo idan an kwance shi. Makaniken ya ce ai kalifar hagu da ta dama ba su da bambanci sai wurin nono, don haka babu dole a musanya su, iskar kawai za a fitar. Ya kwance notoci biyun, ya zaro kalifa daga kan faifai ba tare da taɓa tiyo ba, ya cusa katako mai kaurin faifan tsakanin fad biyu don kada fistan su fito, ya juya ta a hannu nono ya kalli sama, ya ɗan bubbuga jikinta da ƙotar guduma. Da aka buɗe nono sai ga kumfa tana fitowa, har da tsartuwa. Ya yi wa ɗayar haka, ya mayar da kowace inda ya same ta. Feda ta yi tauri. Aka zagaya da motar, birki na ci kamar da.

Wata na biyu zuwa na biyar: lafiya, sannan ƙara

Wata biyu ba a ji komai ba. A na huɗu sai ƙara ta soma, wani siririn kuka idan an taka birki a hankali, musamman ana dab da tsayawa. A na biyar feda ta fara ƙara nisa, amma ba irin na farko ba. Babu laushin nan na iska, kuma yawan takawa ba ya ɗago ta sosai. Kamun farko ne ya yi sanyi, sai an ƙara danna ƙafa birki yake shiga da ƙarfi.

Da aka ciro fad ɗin, motar ta yi kimanin kilomita 9,000 a kansu. An auna kowane a sama da ƙasa. Gefen sama milimita 9.5, gefen ƙasa 7. Huɗun duka haka suke, bambancin da ke tsakaninsu bai kai rabin milimita ba. In aka ɗora ɗaya a kan benci aka dube shi ta gefe, a fili yake ya cinye a karkace, ƙasansa ya fi siranta.

Sanadin yana cikin yadda faifai ke ratsa kalifa. Idan mota na tafiya gaba, saman taya gaba yake yi, gabanta ƙasa, bayanta sama. Kalifar da ke bayan cibiya ke nan faifai ta ƙasanta yake shiga ya fita ta sama. Lokacin birki faifai yana jan fad zuwa inda ya nufa, fad ya je ya tokare da jikin kalifa. Jan yana faruwa ne a fuskar fad, tokarewar kuwa a ƙarfen bayansa, kuma wannan 'yar tazara da ke tsakani tana sa fad ya nemi karkata, gefen da faifai ke shigowa ya ƙara nutsewa. Don haka ko da fistan biyu girmansu ɗaya, gefen shiga ya fi saurin cinyewa. Maganin da masu ƙera irin wannan kalifa suka yi shi ne su sa ƙaramin fistan a gefen shiga, babba a gefen fita. Fistan mai milimita 44 ya fi mai 40 ƙarfin turi da kusan kashi 21 cikin ɗari, kuma wannan rata ce ke daidaita karkatar.

A wannan mota, kifa kalifofin ya kai babban fistan ƙasa, daidai inda faifai ke shiga. Gefen da dama yake shan nauyi fiye da kima, shi aka ƙara wa turi. Da karkatar ta yi nisa, fad ya daina kwanciya a kan faifai gaba ɗaya a takun farko, sai fistan sun fara miƙar da shi kafin duk fuskarsa ta kama. Nisan feda da sanyin kamun farko daga nan suke, ƙarar ma haka.

An ga wani abu kuma da ba a je nema ba. Bakin da tiyo ke shiga kalifa ya sauya kusurwa tun ranar da aka kifa su, tiyon hagu yana ɗan miƙewa fiye da kima idan an karya sitiyari har ƙarshe. Bawon robarsa ya soma tsagewa kusa da ƙarfen bakin, tiyon da bai cika wata biyar ba.

Wata na shida: mayar da kowace mazauninta

Aka kwance kalifofin biyu, mai L ta koma hagu, mai R ta koma dama. Nonuwa suka kalli sama, kibiyoyi suka bi juyin faifai, ƙananan fistan suka koma ƙasa. An duba fistan takwas ɗin ko zaman karkace ya goge gefensu, ba a sami wanda ya lalace ba.

Aka auna faifai. Kaurinsa milimita 27.1, bai kai iyakar 26 ba. Aka kafa agogon awo a fuskarsa aka juya shi, lanƙwasarsa ta tsaya a 0.04, ƙasa da 0.05 da littafin motar ya yarda da shi. Aka bar faifan, aka sa sababbin fad, sabon tiyon hagu, da sababbin wasoshin tagulla. An ɗaure notocin kalifa da sifana mai awo, gwargwadon abin da littafin ya faɗa. Kafin a mayar da taya an duba abu biyu: tazarar faifai da jikin kalifa ta ciki da ta waje daidai suke, kuma bakin fad ya zo daidai da bakin faifai, bai leƙo waje ba, bai nutse ciki ba. Aka karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, tiyo bai miƙe ba, bai taɓa komai ba.

Cire iska bai ɗauki lokaci ba. Kumfa ta fito a buɗewar farko da ta biyu, daga nan mai ya tsarkaka, feda ta yi tauri a zagaye ɗaya, kalifa na ɗaure a mazauninta. Aka fita da motar aka yi ta rage gudu da matsakaicin birki, ana barin faifai ya huce a tsakani, don fad su zauna.

Bayan ƙarin kilomita 10,000 an sake ciro fad an auna. Bambancin sama da ƙasa bai kai rabin milimita ba a kowane. Ƙarar ba ta dawo ba, feda na kamawa daga sama.

Hukunci

Masta, da tiyoyin farko, da aikin ABS, babu wanda ya zama dole a cikinsu. An canza su ne saboda man da ke fita garau ya sa kowa ya yarda cewa babu iska a kalifa, aka tafi neman laifi a wani wuri. Fitar mai garau shaida ce kawai idan nono yana sama da duk wani gurbi na cikin kalifa. Matse tiyo da makanike na biyu ya yi, aikin 'yan mintoci, shi ya kamata ya biyo bayan cire iska karo na biyu, tun kafin a taɓa masta. Abin da ya fi tayar da hankali a lamarin shi ne an bar mota mai irin wannan feda ta ɗauki kaya ta shiga gangara. Birkin da sai an taka shi sau uku yake kamawa bai cancanci ya bar gareji ba, ko da kuwa ba a gano dalili ba tukuna.

Makanike na biyu ya gano cutar daidai, maganinsa ne ya tsaya a rabi. Maganarsa cewa hagu da dama ba su da bambanci sai nono tana da ƙamshin gaskiya a kan kalifofi da yawa masu fistan ɗaya, amma ba a kan mai fistan manya da ƙanana ba. Ko a masu fistan ɗayan ma, barin nono a ƙasa tarko ne ga duk wanda zai sake buɗe layin nan gaba, kuma kusurwar tiyo ba ta yafe wa kowa.

Tunanin mai motar kuwa, na cewa kalifar gaba ta fi ta baya kamu, ba shi da tushe. Amma tambayarsa ba ta banza ba ce, domin wurin da aka kafa kalifa yana taɓa abubuwa da dama, ƙarfin kamu ne kawai ba ya cikinsu. Babbansu boris, wato ƙwallayen ƙarfen da cibiyar taya ke juyawa a kansu. A bayan cibiya faifai sama yake tafiya, don haka fad suna danna shi ƙasa, yayin da titi ke tura taya sama. Ƙarfin biyu suna rage wa juna kaifi, nauyin da ke kan boris ya ragu lokacin birki. A gaban cibiya faifai ƙasa yake yi, fad suna ɗaga shi, ƙarfin ya haɗu da na titi a kan boris. Idan aka tuna cewa niyuton 11,100 ɗin nan ya haura nauyin tan ɗaya, za a ga ba ƙaramin abu ba ne. Masu ƙera motocin da kalifarsu ke gaba sun san da haka, da shi suke zaɓen girman boris, shi ya sa direba ba ya jin wani bambanci.

Sama da ƙasa suna da tasu matsalar. A kwana mai tsanani cibiyar taya takan ɗan karkata, kuma gefen faifai da ya fi kaɗawa shi ne na ƙarfe 12 da ƙarfe 6. Kalifar da ke can faifai kan tura fistan ɗinta baya, direba ya fito daga kwana ya tarar takun farko ya yi nisa. A ƙarfe 3 da ƙarfe 9 kaɗawar ba ta da yawa, ga shi kalifa a tsaye take, iska na samun hanyar hawa zuwa nono. Dalilin da ya sa yawancin motoci ba sa yin nisa da waɗannan wurare biyu ke nan. Motocin tsere kan sauko da ita ƙasa don nauyi ya kusanci titi, suna kuma biyan farashin hakan wajen cire iska. Kalifar da ke baya tana barin gaban faifai a buɗe ga iskar da ke sanyaya shi. Wasu masu ƙira ma sun fitar da birkin daga cikin taya ɗungurum: Citroën DS ta 1955 faifanta na gaba a ciki suke, kusa da giyabos, abin da ke rage nauyin da ke tsalle tare da taya. A motocin yau da kullum dai, mafi yawan lokaci sandar sitiyari da ƙafafun sasfensha ne ke yanke hukunci, kalifa ta zauna inda suka bar mata.

Akwai mazauni ɗaya da ke sauya ƙarfin kamu kai tsaye, shi ne nisa daga cibiya. Da ƙarfen da mai motar ya so a ƙera masa zai saukar da kalifa milimita 5 kacal zuwa ciki, daga 130 zuwa 125, da ƙarfin tsayar da taya ya ragu da kusan kashi 4 cikin ɗari. Da ya ɗaga ta waje, da bakin fad ya leƙo bayan faifai, ya cinye ya bar tudu a gefe.

Ko da maƙerin ya dace da nisan daidai, kuma ya sami yadda zai kauce wa sandar sitiyari, waɗannan kalifofin ba za su zauna a gaba lafiya ba. In aka zagayo da ta hagu zuwa gaban tayar hagu, ƙaramin fistan zai ci gaba da tarar faifai kamar yadda ake so, amma nono zai koma ƙasa. In aka ɗauko ta dama aka kafa a gaban tayar hagu, nono zai kalli sama, amma a can faifai ta sama yake shiga, kuma babban fistan zai fara tararwa. Hanya ta farko za ta dawo da laushin fedar makon farko, ta biyu kuma karkataccen fad ɗin wata na biyar.